Babi na Shida: Harajin Talaka da Masana'antun Daula

A shekarar 1924 Turawan mulkin mallaka suka ɗauke fadar Sarkin Fika daga tsohon garin Fika, can gindin duwatsu, suka dawo da ita Potiskum. Moi Muhammadu ibn Idrissa shekararsa 2 kacal a kan karaga a lokacin. Dalilin ƙaurar a fili yake. Hanyar motar da ta nufi Maiduguri ta Potiskum ta ratsa, Bature kuwa so yake Di'o da baitulmali da alƙali da gidan yari duk su zauna a bakin titi, inda Razdan zai iso da mota ya duba littattafan haraji ya juya. Ngizimawa da Karai-Karai da ke zaune a wurin tun tuni sai suka wayi gari garinsu ya zama hedikwatar En'e a yammacin Lardin Barno. Takaddamar sarautar da wannan ya haifar doguwa ce, kuma ba ita ta kawo mu ba. Abin lura shi ne, Potiskum ta zamani da umarni daga sama aka ɗora tubalinta, kamar yadda aka yi wa Kaduna da Jos da Enugu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin duniya. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, dauloli da yawa masu mulkin kama-karya sun farga cewa Ingila da Faransa sun yi musu nisa da injin tururi da ƙarfe da jirgin ƙasa, suka ƙudurta sai sun cim musu ko ta halin ƙaƙa. Ba su da attajiran da za su iya kafa manyan masana'antu, ba su da bankuna masu ƙarfi. Abin da suke da shi manoma ne birjik da kuma bulala. Saboda haka gwamnati ta zama ita ce ɗan kasuwa, ita ce injiniya, ita ce mai ba da bashi, kuɗin kuwa daga rumbun manomi aka kwaso su.

Rasha ce misalin da aka fi kawowa. Sergei Witte, wanda ya fara aikinsa a hukumar jirgin ƙasa, ya zama ministan kuɗi a 1892 ƙarƙashin Sarki Alexander na Uku, ya ci gaba a zamanin Nicholas na Biyu har 1903. A 1891 aka kafa harajin fito mai tsanani a kan kayan waje don a kare masana'antun gida, kuma a shekarar aka fara shimfiɗa layin dogon Siberiya, wanda a yau tsawonsa daga Mosko zuwa Vladivostok ya haura kilomita 9,000. Daga 1894 gwamnati ta fara karɓe cinikin barasa ya zama nata ita kaɗai. A 1897 Witte ya jingina kuɗin ƙasar da zinariya, abin da ya kwantar wa masu jari na Faransa da Beljiyam hankali suka zubo dukiya. Gwamnati ta riƙa sayen ƙarfen dogo daga masana'antun cikin gida da tsada da gangan, don su tsaya da ƙafarsu. A shekarun 1890 masana'antun Rasha sun riƙa bunƙasa da kusan kashi 8 cikin 100 duk shekara, kuma wajen 1900 rijiyoyin Baku sun sa ƙasar ta zarce kowa a haƙar man fetur.

Wa ya biya? Manomi. Haraji ya hau kan kananzir da ashana da sukari da taba, ga bashin filaye da aka ɗora wa ƙauyuka tun bayan 'yanta bayin gona a 1861. Dole manomi ya sayar da alkamarsa da kaka, lokacin da take arha, gwamnati kuma ta tura ta Turai don samun zinariya. A 1891 zuwa 1892 yunwa ta afka wa yankin kogin Volga, ta haɗu da kwalara, dubban ɗaruruwan mutane suka mutu.

Japan ma haka ta yi, sai dai da ƙarin wayo. Bayan juyin 1868 da ya dawo da iko hannun Sarki Meiji, aka yi dokar harajin ƙasa a 1873: kowane mai gona zai biya kashi 3 cikin 100 na darajar gonarsa, da tsabar kuɗi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Da kuɗin harajin gona, tun kafin wannan dokar da kuma bayanta, gwamnati ta gina masana'antar siliki ta Tomioka a 1872, ta ɗauko Bafaranshe ya koya wa 'yan mata aikin injin, ta kafa wuraren ƙera jiragen ruwa, ta wajabta karatun firamare. Da masana'antun suka fara zame mata nauyi sai ta sayar da su da rahusa ga gidajen kasuwancin ƙasar. Mitsubishi ta samu maƙerar jiragen ruwa ta Nagasaki a 1887, Mitsui ta samu Tomioka a 1893.

Na tsaya a kan waɗannan biyun ne don mai karatu ya ga cewa abin da aka yi wa kakanninmu a ƙasar Fika da Katagum da Bade, ta fuskar tatsa, bai bambanta da na manomin Rasha ko na Japan ba. Bambancin yana wajen inda kuɗin suka sauka.

Yadda aka tatsa

Daular Birtaniya a gida tana da majalisa da jaridu da zaɓe. A Arewacin Nijeriya, a farkon mulkinta, ba ta da ko ɗaya. Gwamna a Zungeru, daga baya a Kaduna, maganarsa doka ce, yana naɗa sarki yana tuɓe sarki. Ƙa'idar Landan kuwa ita ce kowace ƙasar da aka mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Arewa ta kasa, tana karɓar tallafi daga baitulmalin Ingila duk shekara, kuma wannan yana cikin manyan dalilan haɗe ta da Kudu a 1914.

Makamin farko shi ne haraji da jangali, kuma da kuɗin Bature. Aka kashe wuri, aka kawo sule da kwabo da anini, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Daga 1911 aka tsara baitulmalin En'e, aka yanka wa sarakuna da hakimai albashi. Magidancin da ke noma gero da dawa don cin gidansa yanzu sai ya nemo sulalla kafin dagaci ya turo, kuma hanyoyin samunsu ba su da yawa: ko ya noma abin da kantin Bature ke saye, ko ya sayar da dabba, ko ya tafi cin rani. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu kai da kai. Duk wanda ya zauna da tsofaffi ya ji labarin yadda ake kora garke cikin daji da dare idan an ji masu jangali sun doso, da yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana.

Makami na biyu shi ne layin dogo. Gwamna Percy Girouard, injiniyan reluwe ne ɗan Kanada, shi ya jagoranci aikin Baro zuwa Kano daga 1907, da lebura da sarakuna suka tattaro bisa umarni. Dogo ya isa Kano a 1911. Masu masaƙun Lancashire, ta hannun ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga da aka kafa a 1902, sun zuba ido su ga auduga na kwarara. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi idan ciniki ya ƙi ana iya cinta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakani, suna raba kuɗi ga yaransu a ƙauyuka suna tara buhuna. Ba a jima ba fari ya zo a 1913, yunwar Kakalaba ta biyo a 1914, haraji kuwa bai tsaya ba. Wanda ya karanta labarin Volga na 1891 ba zai ji wannan baƙo ba.

A 1930 aka miƙa dogo daga Kano zuwa Nguru, don a kwaso gyaɗa da ƙaro da fatu da kirgi da shanu daga arewacin Barno. Nguru ta cika da kantunan Turawa da na Kwara. Potiskum ta tsaya da titinta. Gyaɗar ƙasar Fika sai a kan jakuna da raƙuma da loriloli zuwa inda dogo yake.

Makami na uku, wanda ya fi sauran dabara, shi ne hukumar ciniki. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona da ake fitarwa, bayan yaƙi kuma ta ƙi saki. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa da ta auduga, a 1954 aka haɗe su ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi kafin kaka, ita kaɗai ke da ikon fitarwa waje, wakilanta masu lasisi ke saye a sikeli. An ce don a kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya ne. A aikace, farashin da ake biyansa yana ƙasa da na duniya a yawancin shekaru, rarar kuma aka tara ta, kaso mai yawa a takardun bashi na gwamnatin Birtaniya a Landan. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya yi lissafin cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, idan aka haɗa rarar hukuma da harajin fitarwa, manomin gyaɗa ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihunsa. Wato kowane buhu huɗu da aka jera a dalar gyaɗar Kano, ɗaya kyauta manomi ya bayar ba tare da ya sani ba.

Sai kuma ɗiban gwamna. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubun-dubatar ƙarti daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza cikin sanyin Jos, ba isasshen abinci ba mayafi, da yawa ba su komo ba. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne ƙasar da ta jawo wannan: Japan ɗin da shekara 70 kafin nan manomanta ke kukan haraji irin namu, ita ce yanzu ta ƙera jiragen da suka kori Bature daga Singafo.

Inda kuɗin suka sauka

Witte ya matsi manomi, amma yawancin ƙarfen dogon Siberiya a Rasha aka narka shi, injiniyoyin da suka shimfiɗa shi kuma a makarantun Rasha aka horar da su. Dogon Kano daga Ingila aka kawo ƙarfensa, da kan jirgin, da taragon, har da kusoshi. Rasha ta sa harajin fito don ta hana kayan waje kashe na gida. Mu kuwa masaƙan Kano da marinan Kura, waɗanda Heinrich Barth ya ga tufafinsu na kai wa har Timbuktu da Tarabulus a shekarun 1850, aka bar su su yi kokawa da akoko da atamfar Manchester ba mai tare musu. Injinan gurzar auduga da aka kafa a Zariya da Funtuwa da Gusau aikinsu raba auduga da angurya ne kawai a ɗaure ta a tura Liverpool. Maƙeran Liruwen Dalma da suka gaji narka kuza tun kafin zuwan Bature aka hana su sana'arsu, kuzar ta riƙa tafiya ɗanya, ba a samu babbar manarkar kuza a Jos ba sai bayan samun 'yanci. Wutar lantarki ta ruwan Kurra a Filato ma don ramukan haƙa aka jawo ta.

Maganar makaranta ta fi ciwo. Japan ta wajabta firamare a 1872. A Arewa, makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano an buɗe ta a 1909, Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, kuma manufarsu a samu malamai da akawuna da 'ya'yan sarakuna masu iya riƙe littafin haraji. Daular da ke son masana'antu injiniyoyi take horarwa. Wannan magatakarda take nema.

Kada a ɗauka wai Turawan nan duk mugaye ne ko malalata. Akwai Di'o-Di'o da suka haƙa rijiyoyi, suka yi yaƙi da ciwon bushiya na shanu da allura, suka gyara yadda ake shanya fata don ta yi daraja. Amma wanda ke aiki a Potiskum a Kaduna ake auna shi, na Kaduna a Legas, na Legas a Landan, a Landan kuwa masu masaƙa da masu sabulu da man girki suna da wakilai a majalisa, manomin Fika ba shi da kowa. Sarkin Rasha, duk zaluncinsa, ya san idan ƙasarsa ba ta ƙera igwa ba Jamus za ta cinye shi. Gwamnan Arewa ba shi da wannan fargabar, domin igwarsa a Birmingham ake ƙera ta.

Sai da mulki ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa aka juya akalar rarar gyaɗa zuwa gida. Gwamnatin Sardauna ta kafa hukumar raya Jihar Arewa a 1956, wadda daga baya ta zama NNDC. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire. Bankin Arewa da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 duk sun sha daga wannan rijiyar. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya bashinsa na farko, dala miliyan 28, don miƙa dogo zuwa Barno. Layin ya tashi daga Kuru ya isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya bi ta Bajoga da Buni ya shiga Maiduguri a 1964. Karo na biyu ke nan dogo ya kewaye Potiskum, da farko ta arewa, yanzu ta kudu. Tatsar manomi dai ba ta canja ba, hannun da ke tatsar ne ya zama na gida. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 suka rushe dala, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a 1986 aka rufe hukumomin ciniki gaba ɗaya.

A majalisun hira na bakin titi, musamman idan wuta ta ɗauke, ba a rasa mai cewa ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an samu shugaba mai bulala, wanda ba ya jiran majalisa. Ana kawo Sin, ana kawo Koriya, masu karatu su kawo Rasha da Japan. Ni ban gamsu ba, kuma tarihin nan da muka bi shi ne hujjata. Bulala dai mun sha ta shekara 60 a hannun Bature, ba ta haifar da ko masana'antar allura ba. Muhammadu Ali na Masar ya karɓe cinikin auduga, ya gina masaƙu da maƙerun bindiga da ƙarfin tsiya, amma da manyan ƙasashen Turai suka tilasta buɗe kasuwanni da yarjejeniyar 1838, suka rage masa soja zuwa 18,000 a 1841, yawancin masana'antun suka mutu tun yana raye. Rasha kanta ta sha kashi a hannun Japan a 1905, ma'aikatan masana'antun da Witte ya tara a birane suka yi bore a shekarar, a 1917 kuma suka kifar da gidan sarautar ɗungurungum. A nan gida, sojoji sun yi mulki kusan shekara 30 da kuɗin mai a hannu. An kafa Peugeot a Kaduna a 1975, Steyr a Bauchi, mulmula ƙarfe a Katsina, aka ɗauko Rashawa su gina Ajaokuta. Har yau Ajaokuta ba ta narka ƙarfe yadda aka tsara ba, masaƙar Kaduna kuma ta rufe a 2002.

A Potiskum ma gwamnatocin jiha, na Barno da na Yobe da aka ƙirƙiro a 1991, sun gwada nasu. Akwai kamfanin fulawa da abincin dabbobi, akwai na kwanon rufi na Sahel. Labarinsu irin na sauran kamfanonin gwamnati ne: a buɗe da biki, a yi shekaru ana tangal-tangal, wata gwamnati ta zo ta farfaɗo, a sake biki.

Abin da ya raya garin ba ya cikin tsarin kowace daula. Rashin dogo ya tura mutanen Potiskum cikin harkar mota, kuma mahaɗar hanyoyin Kano da Bauchi da Gombe da Gashuwa da Maiduguri ta ba su abin ɗauka. Yau garin ya yi suna a ƙasar nan wajen mallakar tireloli da tankoki. A bayan kowace mota akwai direba da yaran mota, ga makanikai da masu walda da masu faci da 'yan kamasho da masu sayar da kayan gyara, ga masu ƙera bodi da suka koyi aikin a hannun iyayen gidansu ba a wata kwaleji ba. Kasuwar kara ta ranar Laraba tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, shanu na shigowa daga Barno da Nijar da Chadi, ana cinikin miliyoyi a kan amanar fatoma da dillali, ba takarda ba lauya. Ko harin da aka kai wa kasuwar a watan Mayun 2012, wanda ya ci rayuka da dama, bai kashe ta ba. Gwamnati ta shimfiɗa titi, wannan gaskiya ne, kuma ba don titin ba da babu ko ɗaya. Sauran duk jarin mutane ne da guminsu.

Sai dai tsarin da Bature ya bari yana nan daram a ƙarƙashin wannan hada-hadar. Sa yana barin Potiskum da ransa, a tsaye cikin tirela, ya yi kwanaki a hanya kafin ya isa Legas ko Fatakwal ko Onica, yana ramewa, wani ya mutu a mota, ga kuɗin da ake tsinka a kowane shinge. A can ake yanka shi, a can nama da ƙashi da ƙaho da jini ke zama kuɗi, kirgin kuma a babbake shi a ci ganda, alhali majemun Kano na neman fata har daga ƙasashen waje. Motar da ta kai shi ba a nan aka ƙera ta ba, tayarta ma haka. Dā gyaɗa ce ke fita ɗanya zuwa Liverpool, yau saniya ce ke fita ɗanya zuwa kudu.

Babu ɗan kasuwa ɗaya a Potiskum da zai iya jawo wutar da ba ta ɗaukewa, ko ya tabbatar da tsaron hanya, ko ya kafa hukumar duba lafiyar nama da masu saye a waje za su yarda da hatiminta. Wannan aikin hukuma ne, kuma a nan masu cewa gwamnati ta cire hannunta daga komai suka yi kuskure. Amma mayanka ta zamani da ɗakunan sanyi da majema, masu tireloli da fatomomin kara sun fi kowane kwamishina sanin yadda za a tafiyar da su, don su ne za su yi asara idan abin ya lalace. Kuɗin shiga da ake karɓa a kan kowane kan dabba ranar Laraba jangali ne da sabon suna, kuma masu biyansa yanzu suna da ƙuri'a, abin da kakanninsu ba su da shi a zamanin Di'o. Ya rage gare su su tambayi ƙaramar hukuma da gwamnatin Damaturu nawa aka tara bara, kuma me aka gina da shi.